Baba Gamaliel Cikin Jar Falmaran

Rhoda Ɗantani 'yar Kafanchan ce. Tana da shekara ashirin da ɗaya ta zo Manchester karatun jinya, lokacin da gwamnati ke ta rage ma'aikata da rufe ofisoshi. Abokin mahaifinta, Baba Gamaliel, shi ya taro ta daga filin jirgi, ya kai ta ɗakinta a unguwar Fallowfield, ya saya mata bargo da tukunya. Dattijo ne a cocinsu na Birmingham, ya shekara sha tara yana aiki a council, wato hukumar birnin. A Kafanchan idan aka ce wane ya yi nasara a Turai, shi ake nufi.

Bayan jarrabawar shekarar farko, 'yan ajinsu suka ja ta zuwa Blackpool, garin shaƙatawa na bakin teku. Ita teku ta je gani. Ruwan sama ya tsuge da tsakar rana, suka fake a wani gidan caca.

Tana shiga ta tsaya cak. Ba taga, ba agogo, sai fitilu da ƙarar injuna. Tsofaffi sa'o'in kakarta suna zaune a jere, kowa ya ƙura wa injinsa ido yana danna maɓalli, ba mai yi wa wani magana. Wata tsohuwa abincinta ya huce a gefe, ƙuda na bi, ba ta ma sani ba.

Rhoda ta juya za ta fita, sai ta hango wani baƙin mutum mai furfura cikin jar falmaran, yana kwashe kofuna yana goge tebur. Tafiyarsa ta fara ganewa kafin fuskar.

Ba ta san lokacin da ta durƙusa a kan kafet ba. “Ina wuni, Baba.”

Baba Gamaliel ya daɗe yana kallonta, tire a hannunsa. “Tashi, 'yata. Manager yana kallo.”

Ya ja ta bakin ƙofa. Ya ce tun bara aka sallame su daga council, su da yawa. Ya nemi aiki wata takwas, ko'ina sai a dubi furfurarsa a ce za a kira shi. A nan kaɗai aka ɗauke shi. Yana kwana a wani ƙaramin ɗaki, ran Asabar ya hau bas ya koma Birmingham don sujadar Lahadi.

“Mama ta sani?” Rhoda ta tambaya, tana nufin matarsa.

“Ita take goge mini falmaran ɗin. Coci ne ba su sani ba, da babanki.” Ya gyara tiren. “Kin ci abinci kuwa?”

Ta ce ta ci, alhali ba ta ci ba. A jirgin ƙasa na komawa, ƙawayenta na ta hira, ita ko tana kallon waje ta taga.

Baba Gamaliel ya yi shekara biyu a can kafin ya samu aikin tuƙa motar makaranta a Birmingham. Rhoda yanzu nas ce a unguwar Old Trafford ta Manchester, da 'ya'ya biyu. Mahaifinta ya rasu bai ji labarin ba. A wajen makoki, Baba Gamaliel da kansa ya miƙe ya faɗa wa jama'a inda ya yi aiki shekarun nan, ya kuma ce yarinyar nan ta riƙe masa amana.