Ɗorawar Kaka a Gonar Kawu

Ƙamshin garin ɗorawa ba ya ɓuya. Ranar da jikata ta shigo gidana a Yalwawa, tun kafin ta kwance ledar da ke hannunta na ce mata, "Wannan daga ƙauyenmu kika tsinko ta." Ta ce daga can take. Ta zauna a gefen tabarma, ta ɓare guda ɗaya, garin nan rawaya ya zube mata a zane, sannan ta gaya mini abin da ya kawo ta. An shafa wa bishiyarmu jan fenti. Ku mutanen Dutse kun san ma'anar wannan. An sayar da gonar da bishiyar take ciki, za a yanka filaye, kuma duk itacen da ya sha ja, sara ne ya rage masa.

Yarinyar nan digiri na biyu take yi a jami'a, a kan tattalin albarkatun ƙasa, wato yadda za a ci moriyar itace da ruwa da ƙasar noma ba tare da an ƙarar da su ba. Bincikenta a kan itatuwan da ke tsaye a cikin gonaki ne, a ƙauyukan da ke tsakanin Dutse da Jahun. Kawunnanta dariya suke yi mata, wai ta gama karatu ɗaya ta koma ƙirga itace kamar mai neman na girki. Ni ban taɓa taya su dariyar ba, bari kuma ku ji dalili.

A hannun kakata na tashi, wadda ta haifi mahaifiyata. Lokacin da aka raba gadon mahaifinsu, ita da ƙaninta, sai ta ce ba ta son ƙasa. Ta ce a bar wa ƙaninta gonar gaba ɗaya, ita a ba ta ɗorawar da ke tsakiyarta. Liman ya tambaye ta ko da yardarta take faɗa, ta ce da yardarta. Aka shaida, aka yi fatiha. A wajenmu wannan ba baƙon abu ba ne. Ƙasa da mai ita, itace da mai shi. Mai gona ya yi nomansa, mai bishiya ta zo ta ɗebi 'ya'yanta, ta aika masa da ƙwarya guda ta daddawa saboda inuwar da ta danne masa dawa.

Da bazara, lokacin da zafi yake hana kare haushi, ake kaɗar ɗorawa. Mukan fita da sassafe da doguwar gora mai ƙugiya a baki. Kaka ta ɗaga kai ta laƙato, mu yara mu bi muna tsincewa, bakinmu duk ya yi rawaya. Babu abin da ake zubarwa. Garin a sha a kunu. Ɓawon a jiƙa a yi makuba, a shafe daɓen ɗaki da katanga don kada ruwan sama ya cinye su. Kalwa kuwa, wato ƙwayar, ita ce dukiyar. A dafa ta har ta yi laushi, a surfa, a wanke, a sake dafawa, a rufe a kwando da ganye har warin ya cika unguwa. Da wannan daddawar Kaka ta yi wa mahaifiyata kayan ɗaki, da ita kuma ta saya mini takalmin da na fara zuwa makaranta da shi.

Bayan ƙanin Kaka ya rasu, gonar ta koma hannun ɗansa, wanda muke kira Kawu. A shekarun nan ne garmar shanu ta shigo ƙauyenmu. Malamin gona ya ce duk mai so a ba shi garma sai ya share gonarsa tas, ba itace ba kututture, don kunya ta tafi a miƙe. Ba zan zalunci Kawu ba, yana da hujja. Iyali sun yi masa yawa, fartanya ta gajiyar da shi, kuma gaskiya ne abin da aka shuka a ƙarƙashin ɗorawa ba ya yin kirki. Ya zo ya durƙusa ya roƙi Kaka. Ta ce a'a. Ya turo dattawa, ta ba su fura, ta ce a'a.

Sai wata safiya muka ji ya ɗauko masu gatari. Kaka ba ta ɗaga murya ba. Ta sa aka ɗauki babbar tukunyarta da duwatsun murhu aka kai gindin bishiyar, ta hura wuta, ta ɗora kalwa. Da suka iso suka tarar da ita tana iza itace.

"Gwaggo, mene ne haka kuma?" in ji Kawu.

"Girki nake yi a ɗakina. Sannu da zuwa, angon garma."

"Gwaggo, gonata ce fa."

"Taka ce, har ƙarshen iyaka. Nome abarka. Amma ka ɗaga kai ka duba sama, ka gaya mini wane reshe ubanka ya bar maka."

Masu gatarin suka kalli juna. Babbansu ya ce shi fa miyar gidansa daga wannan tukunyar take samun ɗanɗano, ba zai sari abin da matarsa za ta hana shi tuwo a kansa ba. Aka yi dariya, ban da Kawu. Magana ta kai gaban dagaci, aka kira waɗanda suka ga rabon gado, suka faɗi abin da suka gani. Kawu ya samu garmarsa daga baya, amma kunyoyinsa sai da suka riƙa karkacewa a tsakiyar gona har ya tsufa. Ya yi shekara ba ya shiga gaida Kaka. Ƙwaryar daddawarsa kuwa ba ta taɓa fasa aika masa ba, shi ma bai taɓa mayar da ita ba.

Aure da aikin maigidana sun kai ni wurare da yawa. Na zauna a Kumasi, na zauna a Garwa, na yi shekaru a Maraɗi, na kuma yi zama a Makka. Na ji Fillanci da Faransanci da Larabci, na sayi daddawa da sunaye iri-iri. A arewacin Gana na ga inda ɗorawa take hannun masu sarauta, mace ba ta kaɗa sai da izini. A wasu ƙauyukan Maraɗi na ga manoma suna barin tohon itace a gona suna yi masa aski, bayan iyayensu sun share komai iska ta kwashe musu ƙasa. A ƙasar Larabawa na ga ana shayar da bishiya guda da ruwan famfo kamar jinjiri. Duk inda na je sai in tuna cewa mu a ƙauyenmu tsohuwa da ba ta iya karanta ko baƙi ɗaya ba tana iya mallakar bishiya a tsakiyar gonar namiji, shari'a ta tsaya mata. Ban ga abin kunya a wannan ba, balle a ce mini ƙauyanci ne.

Bishiyar ta bi ta hannun mahaifiyata ta zo hannuna. Don haka da jikata ta kawo labarin fenti, washegari muka shiga mota. A hanya ta gaya mini abin da bai yi mini daɗi ba. Ta ce duk gonakin da ta zaga, ɗorawa tsofaffi ne kawai, da wuya ka ga ƙarama. Na ce awaki ne ke cinye su. Ta ce, "Hajiya, har da ku. Kun kwashe kalwa kaf kun dafa, me zai tsiro?" Na buɗe baki zan yi mata faɗa, sai na ga gaskiya ta faɗa. Kaka ta san yadda ake tsare bishiya, amma ban taɓa ganin ta shuka ko guda ba. Wannan shi ne abin da karatun yarinyar ya ƙara a kan namu.

A zauren dagaci muka haɗu da jikan Kawu, wanda ya sayar da gonar, da Alhajin da ya saya. Yaron ya gaishe ni, sannan ya ce, "Hajiya, wannan fa al'adar da ce. Yanzu fili ake saya, da duk abin da ke kansa."

Na ce, "Abin da kakanka ya gada ka sayar, Allah ya sa albarka. Abin da bai gada ba, ta ina ya zama naka?"

Alhajin ya ce a faɗi kuɗinta ya biya a huta. Na ce ban kawo ta kasuwa ba. Dagaci ya juya wajen jikata ya ce tunda ta zaga ƙauyuka, ta faɗi abin da ta tarar. Ta faɗa a natse, cewa har yau akwai garuruwan da ake raba gadon itace daban da na ƙasa, kuma dattawansu suna raye, ana iya tambayarsu. Liman ya ce mutum ba ya sayar da abin da ba nasa ba. Dagaci ya yanke cewa bishiya ta tsaya, a kuma bar hanyar zuwa gindinta. Kafin a tashi na ce tunda shaidu suna zaune, su ƙara shaida ɗaya: na ba jikata ɗorawar nan kyauta, daga yau tata ce.

Ba zan ce muku komai ya gyaru ba. Gonakin da na sani da gero yanzu bulo ne da kwano, gari yana ta cin ƙauye. Jikan Kawu ya daina zuwa gaishe ni da salla. Kawunnan yarinyar har yanzu suna tsokanarta, ita kuma tana can tana renon dashen ɗorawa a cikin ledoji a bayan ɗakin karatunsu, tana neman manoman da za su yarda su karɓa. Bishiyar da kanta ta tsufa, wani reshen ya fara bushewa.

Makon jiya Alhajin ya aiko mini da ɗan saƙo. Cikin ladabi ya ce in duba shekaruna, wai ginin zai jira, ba gaggawa yake yi ba. Na gane abin da ake jira. Na ce ya koma ya gaida shi, ya tuna masa cewa mai bishiyar yanzu ba ta kai shekara talatin ba, lafiyarta ƙalau, kuma na ji tana maganar digiri na uku.