Na Yi Wa Yayana Addu'a Ban Gane Shi Ba

A shekarun da zan ba ku labari, ni ce shugabar zumuntar mata a majami'armu da ke Garoua. Ina sayar da gyaɗa da busasshen kifi a kasuwa, kuma in dai addu'a ce, an san ni. In na ɗaga murya har mata kuka suke yi. Ina jin daɗin hakan, ba zan ɓoye muku ba. Amma akwai mutum ɗaya da sunansa bai taɓa shiga addu'ata ba, wato yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, da ke zaune a Bibémi.

Bayan rasuwar Baba ne ya sayar da gonar dawar rani da muka taso muna dasawa, ko shawara bai yi da ni ba. Ni kuwa zuciya gare ni kamar garwashi. A gaban dangi na ce masa daga ranar ba ni ba shi, ko mutuwa ya yi kada a aiko mini. Na kaɗe zanena na hau mota.

Shekaru suka wuce. Duk sanda na durƙusa na ce wa Ubangiji a yi nufinsa, sai yayana ya faɗo mini a rai, in ji kamar ana ce mini in tashi in je. Na san me ake so da ni sarai, amma sai na koma neman alama. Na ce in aka yi ruwa kafin Lahadi zan tafi. Aka kwarara ruwa, na ce ai damina ce, wannan ba alama ba ce. Matar fastonmu ta taɓa ja na gefe ta ce abin da Littafi ya riga ya faɗa a fili ba a nema masa alama. Na yi dariya na ce mata ina nan ina addu'a a kai. Addu'ar da nake fakewa a bayanta ke nan.

Al'adarmu ce ran Alhamis mu ɗaura zanen zumunta mu je asibiti gaishe da marasa lafiya. Gado-gado muke bi, ba ma tambayar suna ko addini, mu ɗora hannu, mu rufe ido, mu yi addu'a, mu wuce. Wata Alhamis muka shiga ɗakin maza da muka daɗe ba mu leƙa ba, muka iso gadon wani tsoho da ya rame ƙwarai, kansa fari fat, an yanke masa ƙafa ɗaya saboda ciwon sukari. Ya juya fuska bango. Ko kallon kirki ban yi masa ba. Na dafa kafaɗarsa na rufe ido, na roƙi Allah ya warkar da bawansa, ya ba shi 'yan'uwa masu tausayi da za su tsaya masa. Da bakina na faɗi haka!

Da na gama sai ya ce amin, ya haɗa da sunan da ba mai kira na da shi a duniya sai yayana da marigayi Baba. Wayyo Allah! Na buɗe ido na ga tabon lauje a goshinsa, wanda ni na ji masa muna yara. Yayana ne. Na zube a ƙasa, matan suka zaci jiri ne ya ɗebe ni.

Matar wani ɗan kasuwa Musulmi da ke jinyar mijinta a gadon kusa ita ta gaya mini sauran. Ta ce ya daɗe a nan ba mai jinya, matarsa ta koma ƙauye wajen yara da gona. Ita matar ɗan kasuwar ce take raba kunun mijinta biyu ta ba shi. Ta tambaye shi ko ba shi da kowa a garin nan, ya ce yana da ƙanwa, amma ta hana a aika mata, kuma ba zai karya maganarta ba. Daga gadon nan zuwa ƙofar gidana, a ƙafa ma ana zuwa.

Na ce Yaya ya yafe mini. Ya ce shi ya fara laifi, ya kuma ce tun daga bakin ƙofa ya gane muryata, shi ya sa ya juya fuska don kada ya kunyata ni gaban mutanena. Na kwashi kayana na tare a asibiti, ina masa wanka ina ba shi abinci a baki. Ina ta roƙon Allah ya bar mini shi, amma mako bai zagayo ba ya cika. Zafin da na ji ba ya faɗuwa har yau.

Abin da na koya shi ne, nufin Allah sau da yawa ba a ɓoye yake ba, mu ne ba ma so. Na gode masa da ya tausaya mini ya kawo Yaya har ƙarƙashin hannuna, amma ba kowa ake yi wa haka ba. 'Yan'uwa, in akwai wanda ke faɗo muku a rai duk sanda kuka durƙusa, ku tashi daga durƙuson ku je wurinsa. Ni an ba ni shekaru in yi biyayya, na tsira da 'yan kwanaki.