Baturen da Ya Hana Mu Raba Gandu

Ko me zan manta a duniya, ban da ranar da wani Bature ya zauna a tabarmar Baba a Durba. Lokacin ba a daɗe da komawa mulkin farar hula ba, ƙungiyoyin tallafi sai shigowa karkara suke yi. Wata ta ce za ta ba manoma taki da iri, amma sai mai gonar kansa. Mu kuwa gandu muke yi, mu biyar a ƙarƙashin Baba. Nan da nan yayyena suka dage sai an raba. Baba ya shiga damuwa, ko tuwon kirki ya daina ci.

Ina koyarwa a Rano, saboda haka da jami'insu, wato Baturen, ya zo ni aka sa tafinta. Ni kuwa akwai tambayar tsiya. Na ce masa, "Ku da kuke rabon tallafi, kun san zafin jiransa kuwa?"

Ya yi dariya. Ashe ƙasarsu ta 'yan kwaminisanci ce a da. Da mulkin ya rushe, ƙasashen Yamma suka kawo musu kuɗi, bisa sharaɗin a yi zaɓe, a kuma raba gonakin da ake nomawa tare. Na saki baki. Ni a zatona duk farar fata mai bayarwa ne.

Da na fassara, Baba ya gyara zama. "Tambaye shi, da suka raba, wa ya ɗauki shanun huɗa?"

"Tarakta ce da mu," in ji Baturen. "Mahaifina ya sami motar, maƙwabcinmu ya sami garmar, sai suka ɓata. Zaɓen ya yi mana rana, ƙasar ma daga baya ta miƙe. Amma gonarmu ciyawa ta cinye ta, taraktar kuma kaji ke ƙwai a cikinta."

Bijimai biyu ne da mu, garma ɗaya. Babban yaya ya daɗe yana kallon turke, sannan ya sunkuyar da kai. "Baba, a bar maganar nan."

Tallafin ya wuce mu. Maƙwabta suka kwashi taki, kuma wallahi mun ji haushi. Amma damina ta sauka ta same mu a gona ɗaya, Baba na tsaye a bakin kunya yana mana faɗa da ƙarfinsa.

Tun ranar, duk wanda ya miƙo mini kyauta, sai na fara tambayar me zan ajiye kafin in karɓa.