Ruwan da Yayana ya zubar

Har yau in na ji ƙaurin baƙin mai a kan ƙarfe mai zafi, raina ɓaci yake.

Shagon walda muke da shi a Badariya, ni da Yayana. Wata safiya wani dattijo daga Ambursa ya ɗauro ƙarfen injin bugun shinkafarsa a bayan babur. Ya karye, sai an yi masa faci da huda huɗu. Shinkafarsa na yanke a fadama, gulbi kuwa kullum ƙaruwa yake.

Facin na sifirin mota ne, wanda ke ɗaukar nauyinta a kan taya, ƙarfe mai taurin kai. Irinsa sai a hankali, ana huda ana zuba masa man nan da ake sirkawa da ruwa ya koma fari, don bakin injin huda ya yi sanyi. Na haɗa shi a gora na ajiye.

Yaya ya ɗaga gorar ya kalla. "Wanga mi na? Nono za ka ba ƙarhe?" Ya tuttular a ƙasa, ya jawo gwangwanin baƙin man da aka juye daga mota. "Da shi Baba yay yi aiki hal ya mutu."

Baba bai taɓa huda sifirin ba, garma yake ƙerawa. Na sani, Yaya ma ya sani. Amma ƙane ba ya gyara wa wa zance gaban baƙo, sai na haɗiye.

Ya danna injin huda da ƙarfin tsiya. Hayaƙi ya tashi, bakin huda ya yi shuɗi, a huda ta biyu ya ce ƙaras. Shi kaɗai gare mu mai wannan kauri. Na zaga kasuwa babu, sai da muka yi sautu Sakkwato. Kwana uku.

Da muka kai aikin Ambursa, ruwa ya riga mu. Dattijon na tsaye a ruwa iya gwiwa yana tsamo dammunan da suka fara tsiro. Bai zage mu ba, wallahi da ya zage mu da na fi jin sauƙi.

"Kun sha wahala, ɗiyana," ya ce. "Allah bai nuhwa ba."

Yaya ya gyaɗa kai ya ce haka ne. Ni kuwa na san wanda ya yi shiru ranar da aka tuttular da gorar, kuma shekara tara ke nan ban yafe masa ba.