Injin da Ya Juya Ƙwan Zabin Inna

Damunar da cuta ta share zabin gidanmu, Yaya ta sauko daga Doguwa da ƙwarya a lulluɓe, ta dire min a shagona na gyaran rediyo a Ƙafin Maiyaki. Ƙwai ne, ragowar fararen zabin marigayiya Inna. Ko kaza ɗaya ba ta tsira ba balle ta kwanta musu.

"Kai da kullum kake cika baki, ga ranarka," in ji ta. "In suka lalace, irin Inna ya ƙare."

Wallahi daɗi ya kama ni, tsoro ma haka. Akwatin ɗumi ina da shi, na sola. Matsalar juyi ce. Dole faifan ƙwan ya karkata a hankali, ya tsaya daidai inda aka ce, can an jima ya koma ɗaya gefen.

Ban yarda na gwada da ƙwan ba, yalo na jera. Na fara da injin fanka. Wannan mahaukaci gudu kawai ya sani, ya watsa min yalo har bakin titi. Injin goge gilashin mota kuwa ga ƙarfi kamar sa, amma ka ce tsaya, sai ya ƙara gaba kaɗan. Kaɗan ɗin nan shi ke fasa ƙwai. Na yi tsaki na jefar da shi ƙarƙashin benci.

Sai na farke wata matacciyar firinta na ciro nata. Injin firinta shi taku-taku yake tafiya, adadin da ka ba shi zai yi ya ƙame. Har rawa na taka. Da na cika faifan kuma, nauyi ya fi ƙarfinsa, ya riƙa ƙara yana tsallake taku, shi a ganinsa ya isa. Na ɗaura dutse a ɗaya gefen don ya rage masa kaya, ya miƙe lafiya lau.

Makonnin da suka biyo baya ko kasuwa ban leƙa ba.

Wata safiya ina buɗe shago na ji tsiyau-tsiyau. Na tura ɗan acaɓa har Doguwa. Yaya ta iso, ta zauna dirshan a ƙasa cikin wayoyi, ta ɗauki ɗaya a tafin hannunta. Hawaye na zuba.

"Kashe rediyon nan, Auta," ta ce. "Kana firgita wa Inna 'ya'ya."