Ban Ɗaki a Bayan Bas ɗin Zaidu

Zaidu ɗan masunta ne, haifaffen Shanga, amma ruwa bai taɓa karɓarsa ba. Tun yana ƙarami, da an tura kwale-kwale cikinsa zai fara juyawa, kafin a jefa taru ya amayar da kunun safe. Mahaifinsa ya yi faɗa har ya gaji, daga baya ya kai shi Yelwa wurin wani mai gyaran famfo, ya ce ko ba komai ruwan bututu ba ya kifar da mutum. A nan Zaidu ya samu abin yi. Mutum ne mai sanyin hali, in ya durƙusa gaban bututu mai yoyo sai ya yi ta kallonsa har mai gidan ya fara zaton barci ne ya ɗauke shi. A kan wannan aiki ya auri Hasiya, suka haifi Lami da ƙannenta, har furfura ta fara leƙowa a gemunsa. Yana da wata tsohuwar bas da ya cire wa kujerun baya yana zuba kayan aiki.

Mahaifiyar Hasiya, Inna Uwani, sana'arta kyafa kifi a wani ƙauye kusa da Warra. Duk shekarun auren nan ba ta taɓa kiran sunan Zaidu ba, ba ta taɓa cin abinci a gabansa ba. In ya je gaishe ta, daga bakin ƙofa yake tsugunawa, ita kuma ta amsa tana kallon bango. Suna ƙaunar juna ƙwarai, amma ta bakin Hasiya ƙaunar take bi.

Da ciwon tsakuwar ƙoda ya kama Inna, likita a Birnin Kebbi ya ce ta riƙa zuwa duk wata, ya kuma ce babban maganinta ruwa ne, ta sha ta ƙara sha. Zaidu ya mayar da kujera ɗaya cikin bas ɗinsa ya ɗauki nauyin kai ta. Takan kwana gidansu a Yelwa, da safe su kama hanya, Hasiya na gefenta.

Sai ya lura duk dawowa jikin Inna ƙara rikicewa yake yi. A madubi yakan hango leɓɓanta sun bushe, Hasiya na miƙa mata gorar ruwa tana kawar da kai. Ran nan ya tambayi matarsa ko maganin ne bai karɓe ta ba.

"Kai ma dai, Baban Lami," in ji Hasiya. "Inna ce za ta buɗe baki ta ce a tsaya ta zaga, kana zaune gaban mota? Duk ranar da munka shirya tahiya, tun la'asar ɗin jiya take barin shan ruwa."

Ashe ba hanya ce ke ƙara wa tsohuwar ciwo ba, shi ne. Maganar ta tsaya masa a rai, har tuwon ranar bai iya gamawa ba.

Washegari ya shiga bayan bas da katako da guduma. Ya kewaye lungu guda, ya sa ƙofa mai sakata, ya dasa kwanon tsuguno, ya rataye buta a ƙusa. A ƙasa ya ajiye rabin duro na roba wanda ake zarowa a zubar. Ya ji daɗin aikinsa sosai, har yana buɗe ƙofar yana rufewa ba dalili. Inna ta leƙa ta ce Allah ya yi albarka. A tafiyar da ta biyo baya Hasiya ce ta shiga, don ta nuna wa uwarta ba komai ba ne. Rana ta buɗe, wari ya taso ya cika motar, aka sassauke gilashi. Da suka dawo gida Zaidu ya zaro duron, ya rungume shi zuwa masai, ya zubar, ya tsuguna yana wankewa. Bai san Inna na zaune a inuwar rumfa tana kallonsa ba.

"Ta ce in gaya maka ka huta," in ji Hasiya da safe. "Ta ce ko ciwon nan ne ajalinta, mijin ɗiyarta ba shi ɗaukar ƙazantarta da hannu nai."

Nan Zaidu ya ga wautarsa. Ya yi ƙofa don ido, ya manta da hanci da hannu. Ya koma ya zauna gaban bas ɗin yana irin kallon nan nasa, maƙwabta na wucewa suna tambayar ko lafiya.

Sannan ya kwance aikin gaba ɗaya. Ya samo rufaffen tanki ya ɗaure a ƙarƙashin motar, ya ɗan karkata shi gefe guda don kada komai ya kwanta a ciki. Ƙarƙashin kwanon ya sa lanƙwasasshen bututu mai riƙe ɗan ruwa, wanda ke hana wari dawowa sama. Ya fitar da wani siririn bututu ta rufin mota don iskar tankin ta samu mafita. Ya ɗaure jarka a sama, ya ja mata hanya har cikin tankin, da an murɗa sai ruwa ya ɗauraye shi daga ciki. Ruwan wanke hannu da na alwala kuwa ya ware musu tasu hanya daban, don kada su haɗu da najasa. A bakin tankin ya sa faffaɗan famfo da tiyo mai kauri. Wani direba ya ba shi shawarar ya riƙa sakin abin a gangaren tafki ya huta, Zaidu ya ce ruwan da surukarsa ke wanke kifi da shi ke nan. Ya huda katangar gidansa, ya zura tiyon kai tsaye cikin masai.

Ranar gwaji ya cika tankin da ruwa mai tsabta, ya jefa shuni a ciki, ya sa hularsa ya tafi masallaci tun ba a kira salla ba. Hasiya ta kamo hannun uwarta, ta haɗa tiyo, ta murɗa famfo. Shuɗin ruwa ya bi hanyarsa ya wuce. Ta saki na jarka, ta cire tiyon ta nuna mata: fari tas yake ɗiga.

"Shi ba shi taɓawa?" in ji Inna.

"Ba shi taɓawa, ba shi gani. Ni ka buɗewa, ni ka ruhewa. Ko ni ɗin ma famfo kawai nika taɓawa."

Inna ta koma rumfarta.

Wata ya zagayo, suka kama hanya da sassafe. Har suka wuce Koko babu wanda ya ta da maganar. Zaidu na satar kallon madubi, zuciyarsa duk a ƙuntace, don in wannan ma bai yi ba, bai san abin da ya rage masa ba. Can ya ga hannun Inna ya fito daga cikin mayafi ya ɗauki gorar. Ta juya wa madubin baya, ta sha a hankali, ta huta, ta ƙara.

Gab da Jega ya ji raɗa a baya. Sai Hasiya ta ɗan matso.

"Baban Lami, Inna ta ce wai rediyon nan taka ba ta da murya ne?"

Zaidu mutum ne da ba ya son hayaniya, rediyon ma sai ta yi wata bai taɓa ta ba. Amma ya gane Inna ce ke son zagawa ba tare da ya ji ba, ya murɗa ta har ƙarshe. Ya rage gudu kamar mai kauce wa ramuka, alhali titin sumul yake a wurin, ya tanƙwara madubin ya kalli rufi. Farin ciki ya cika shi har idanunsa suka kawo ruwa, ya bar su haka, hannuwansa biyu a kan sitiyari, bai ji buɗe ƙofa ba, bai ji sakata ba.