Abin da Ya Gana Ta Rufe da Kurkum

Ya Gana ta fara sanin Khairat a watan Fabrairun 2019, lokacin da aka kawo mata ita gyaran amarci. A lokacin ta haura shekara sittin, arba'in daga ciki kuwa ta yi su ne tana dilka a gidanta da ke unguwar Hausari. Ta soma sana'ar tun zamanin da jirgin ƙasa ke shigowa birnin Yerwa da busa, mutane suna gyara agogonsu da shi. Aikinta shi ne ta murje jikin mace da kwaɓin gari da kurkum da mai, ta zaunar da ita kan kaskon turaren wuta, sannan ta zana mata lalle. Sana'ar tana da doka biyu. Namiji ba ya wuce zaure, kuma abin da ido ya gani a ɗakin dilka baki ba ya fitar da shi.

Khairat 'yar Kanawan da suka daɗe a unguwar ce, mai surutu kamar rediyo. Ita ta zaɓi mijinta, Mahfuz, mai shagon wayoyi, mutum mai ladabi da farin kaya.

Bayan shekara biyu ta dawo gyara saboda bikin ƙanwarta. Mahfuz ne ya kawo ta, ya zauna a zaure yana duba agogo. Ba ta da waya, ta ce shi yake ajiye mata. Surutun nan ya tafi. Da ta kwance zani, Ya Gana ta ga shatin baƙi a damtsenta da wani a gefen wuya. Khairat ta ce ƙofar kicin ce ta buge ta. Ya Gana ta san ƙofa ba ta da yatsu huɗu.

"Ya Gana, ki rufa min asiri," in ji Khairat. "Biki ne. Kada Umma ta gani."

Ya Gana ta yi abin da hannunta ya saba. Ta ƙara kurkum a wuyan, ta zana lalle tun daga yatsu har kafaɗa. A wajen bikin an yi ta yabon zanen, har mata uku suka nemi kwatancen gidanta.

Abin ya tsaya mata a rai wata shida. Daga ƙarshe ta kai maganar wajen maƙwabciyarta Pindar, tsohuwar nas da ta koyi aiki a Garkida, ba tare da ta ambaci suna ba. Su biyun sun shekara talatin suna tsokanar juna, Pindar tana ce mata mai fenti, ita tana ce mata uwar allura. Wannan karon Pindar ba ta yi dariya ba. Ta tambaya ko yarinyar tana zuwa gidansu, ko ƙawayenta suna ziyartarta, ko tana firgita in an ambaci mijin. Duk amsoshin ba su yi mata daɗi ba. Da ta ji maganar wuya sai ta ajiye tsintsiyar hannunta. Ta ce duka iri-iri ne, amma hannun da ya kai wuya ba a jira a ga na gaba. Ta kuma gargaɗe ta kada ta tunkari mijin, kada ta matsa wa yarinyar, ta dai samar mata wurin da za ta yi magana.

Wurin shi ne matsalar, don Khairat ta daina fita ko'ina. Ya Gana ta yafa laffayarta ta je shagon Mahfuz. Bayan gaisuwa ta ce masa ta haɗa sabuwar humra, kuma matar babban mutum irinsa bai kamata ta shekara ba gyara ba, mutane za su ce ya gaza. Ta nemi kwana uku, daga tara na safe zuwa huɗu na yamma. Mahfuz ya gyara hula ya amince.

Ranar farko Ya Gana ba ta tambayi kome ba. Ta ga sabon shati a wuyan, ta shafa mai kawai, ba ta sa kurkum ba. Rana ta biyu Khairat ta tarar da Pindar a ɗakin, ƙafa cikin lalle kamar mai jiran layi. Aka yi hirar tsadar gawayi. Can sai Ya Gana ta ce, "'Yata, wancan karon na rufe miki. Ban kyauta ba." Khairat ta yi kuka har turaren ya mutu a kasko, sannan ta faɗi kome. Da izininta Pindar ta duba raunukan, ta rubuta wurinsu da girmansu da kwanan wata. Suka tambaye ta me take so. Ta ce gidan baffanta Abdulsalami a Mairi, shi ne waliyyinta tun rasuwar mahaifinta.

Rana ta uku ta zo da takardun makarantarta ɗaure a ƙugu. Da azahar ta fita ta ƙofar baya cikin ayarin matan da suka rako wata amarya, Pindar ta sa ta a keken haya mai ƙafa uku. Da Mahfuz ya zo ƙarfe huɗu, Ya Gana ta gaya masa daga bayan labule cewa matarsa tana wajen baffanta.

Bayan kwana biyar aka zauna a gidan Baffa. Mahfuz ya zo da manyansa, ya durƙusa, ya yi magana a hankali. Ya ce saɓani ne irin na harshe da haƙori, kuma sau ɗaya ne. Baffa ya duba takardar Pindar, amma hankalinsa ya karkata ga sulhu. Ya ce kowa ya ga Khairat a bikin ƙanwarta, jiki sumul, don haka ta yi haƙuri ta koma ɗakinta.

Ya Gana tana zaune a gefen mata. Ta san in ta buɗe baki, labari zai zaga Hausari kafin la'asar cewa mai dilka ta fara fitar da sirrin ɗaki. Ta dubi Khairat. Khairat ta gyaɗa mata kai.

"Alhaji, ba ku gani ba ne don ni na rufe," ta ce. "Yatsu huɗu a damtse, babban yatsa a wuya. Kurkum na sa, na bi da lalle. Kuka yi ta yabon zanen."

Baffa ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Sannan ya ce wa baƙin su gaida gida, 'yarsa ba ta zuwa ko'ina.

Auren ya ƙare a gaban alƙali bayan wata huɗu. Yanzu Khairat tana koyarwa a wata firamare a Mairi, kuma an ce shugaban makarantar yakan leƙo ajinta ya roƙe ta ta rage murya.

Wasu mata sun ɗauke ƙafa daga gidan Ya Gana, wasu kuma sun fara zuwa su kaɗai, da rana tsaka, ba don biki ba. Da Khairat ta zo godiya da mahaifiyarta, Ya Gana ba ta bari sun gama ba. Ta ce wata shidan nan da ta yi shiru a wuyanta suke, yanzu ta sauke. Ta miƙa wa Khairat mafici ta ce ta fifita mata gawayi, akwai amarya tana jira.